Katangar Baba Maigandi

Shafi na 23

Masu ƙorafin jiya na bar ku tsaye a bakin ƙofa, to ku shigo ku zauna. Masu tsine wa Injiniya Jinaidu kuma ku ɗan saurara, ku ji ta bakinsa tukuna.

*

Raliya ta karanta, ta koma farko ta sake karantawa. Layi uku ne kacal.

"Gangaren Maƙera: akwai ɗan haɗarin ambaliya. A yashe lambatu. Sauran aiki sai kashi na biyu."

Ta ɗago kai.

"Anti Dorkas, shafi biyar na rubuta a kan Gangaren Maƙera. Ina suke?"

Dorkas, mai buga wa ofishin takardu, ba ta ɗago daga kan tafireta ba. Ta gyara zaman gilashinta.

"Abin da aka ba ni shi na buga."

"Da hannuna na ba ki ranar Laraba."

"Kin ba ni."

"To?"

"To Oga ya karɓa ranar Alhamis."

Wata biyar ke nan da Raliya ta fara aiki a wannan ƙaramin kamfani na masu ba da shawara, wanda aka ɗauko daga Minna ya duba wa Kontagora inda ruwa zai iya yi mata ɓarna kafin daminar 1995 ta kankama. Ita ce ƙarama a ofis, don haka ita ake turawa rana. Ita ta bi lambatu da ƙafa, ita ta leƙa ƙarƙashin kowane kwalbati, ita ta shiga gidajen da maza ba sa shiga. Yau Asabar. Jibi Litinin za a karanta rahoton a gaban kwamitin gari.

Ta ɗauki takardun ta nufi ƙofar ciki.

"Raliya," in ji Dorkas a hankali. "Ki sha ruwa tukuna."

Ba ta sha ba.

Ogan, Injiniya Jinaidu, na zaune yana fifita da wani tsohon fayil, don ba wuta tun asuba. Babbar taswirar gari na shimfiɗe a gabansa, an danne gefunanta da kofi da stafila.

"Yallaɓai, ina kwana."

"Lafiya lau, Malama Raliya. Yawwa, gara da kika zo. Sa hannu a nan ƙasa, ke kika yi awon."

Ta matso. Idonta ya sauka kan Gangaren Maƙera.

"Ja na shafa wa wurin nan, alamar babban haɗari."

"Na sani. Ni na mayar da shi rawaya."

Ta zo da shirin zai yi musu. Bai yi ba.

"Yallaɓai, gida sittin da uku na shiga. Na auna inda ruwan bara ya tsaya a jikin bango. Mafi ƙaranci ya kai gwiwa. A gidan tsohuwa Hajjo ya kai nan." Ta ɗora hannu a wuyanta. "Mijinta makaho ne. A ɗaki ruwan ya same shi."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin. Amma ba gaisuwar mutuwa aka ɗauko mu yi ba."

Ya daina fifita.

"Zauna."

"Na gode, tsayuwar ma ta isa."

"Na ce zauna."

Ta ɗosana a bakin kujera.

"Kin san shekarata nawa ina wannan aiki?"

"Ban sani ba."

"Ashirin da biyu. Rahoto goma sha huɗu na rubuta wa garuruwa. Uku aka yi aiki da su. Sauran gara ce ta karanta su a cikin kabad." Ya nuna ta da fayil ɗin. "Duk gaskiya na faɗa a cikinsu. Gara ba ta bar gaskiyar ba."

"Yallaɓai, littafin awon ruwan sama na shekara ashirin na kwafo. Kwanakin ruwa raguwa suke yi, amma ruwan da a da yake sauka cikin mako guda, yanzu yini ɗaya yake juye shi. Na bara somin taɓi ne."

"Na karanta. Aikinki ya yi kyau. Ban taɓa samun sabon ma'aikaci mai ƙwazonki ba."

"To me ya sa..."

"Me kika ce a yi a shafi na huɗu?"

"A fasa katangar sito, a buɗe wa ruwa tsohon kwarinsa. Katangar ce ke tare shi, ta karkata shi zuwa Gangare."

"Katangar wa?"

"Ta Alhaji Maigandi."

"Mene ne shi a wurinki?"

"Ƙanen mahaifina."

"Mene ne shi a kwamiti?"

"Yana cikinsu."

"Su tara ne a kwamitin nan," in ji shi. "Huɗu daga ciki, in ya yi tari su ma tari suke yi. Ki ambaci katangarsa, a rufe rahoton ranar. Kwalbati goma sha ɗaya da muka ce a faɗaɗa, sun tafi. Masu shela da muka ce a naɗa a kowace unguwa, sun tafi. Makarantun da muka ware a tsugunar da mutane in ruwa ya zo, sun tafi. Saboda unguwa ɗaya ki kayar da gari guda? Da babu gara ba daɗi, Malama Raliya."

Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne maganarsa ba ta banza ba ce.

"Kashi na biyun yaushe ne?"

"In Allah ya kawo."

"Ruwa bai san kashi na biyu ba, Yallaɓai. Jiya an yi hadari a gabas. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Karin magana ba ya gina kwalbati."

"Rawaya ma ba ta tare ruwa."

Ya kalle ta. Sannan ya ajiye fayil ɗin, ya jingina.

"Ban so in faɗa miki wannan ba. Wa ya kawo ki nan?"

"Intabiyu na yi, na ci."

"Kin ci. Ban ce ba ki ci ba. Amma ku takwas kuka ci, kujera ɗaya ce." Ya sassauta murya. "Baban naki ya zo har masaukina, da ƙafarsa, ya ce in ɗauke ki. Ya kuma ce in tabbata ke za a tura Gangare."

Raliya ta ji kamar an watsa mata ruwan randa.

Ta tuna ranar da ta kai wa baban nata takardar ɗaukar aiki da gudu. Yadda ya yi ta kabbara, har ya sa aka yanka mata zakara.

"Ba gaskiya ba ne."

"Je ki tambaye shi. Mutum ba ya sa nasa a wuri don a tona masa asiri." Ya turo mata biro. "Wata shidanki na gwaji zai cika ƙarshen watan nan. Sa hannu, in rubuta miki takardar da za ta kai ki har Kaduna."

Ta kalli biron. Ta miƙe.

"Hannuna ba zai hau kan rawayar nan ba."

"Litinin, ƙarfe tara. In ba sa hannunki, zan sa nawa, ke kuma kin san sauran."

"Na sani, Yallaɓai."

Ta fito.

Dorkas ta tsayar da bugu. Ta leƙa ƙofar Oga, ta jawo aljihun tebur, ta zaro wasu siraran takardu a ninke ta cusa mata cikin jaka.

"Mene ne wannan?"

"Ni da kabon nake buga komai, kwafi biyu. Oga ya karɓi na sama, bai tambayi na ƙasa ba."

"Anti, in ya gane fa?"

"Gane me? Ni ban ba ki komai ba." Ta koma kan tafireta. "Ni a Dukku na ga abin da rafi ke yi wa gidan ƙasa. Je ki."

*

Siton Alhaji Maigandi na can bayan gidansu Raliya, bango ɗaya ya raba su. Ta tarar da mota ta zo daga Kaboji ana sauke masara. Shi kuma yana zaune a kan buzu a inuwar rumfa, da carbi a hannu.

Ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina wuni."

"A'a, injiniyarmu! Yau da rana tsaka? Lafiya dai?"

"Magana nake so mu yi."

Ya dubi fuskarta sau ɗaya. Ya ɗaga wa leburori hannu.

"Ku je ku ci abinci."

Sai da wurin ya yi tsit sannan ya ce, "Ina jin ki."

"Baba, kai ka sa aka ɗauke ni aiki?"

"Jinaidu bakinsa ba ya riƙe ruwa."

"Kai ne ke nan."

"Ni ne. Laifi ne uba ya nema wa 'yarsa?"

"Don in rufe ido a kan katangarka?"

Carbin ya tsaya.

Raliya ba ta taɓa yi masa magana haka ba. Shi ya riƙe su tun rasuwar mahaifinta shekara bakwai da suka wuce. Shi ya tsaya ta je jami'a lokacin da dangi ke cewa karatun ya isa haka. Ta zaro takardun daga jaka ta ajiye a bakin buzun.

"Wannan shi ne abin da na gano. An cire shi daga rahoto. Na zo in faɗa maka da bakina, kada ka ji a bakin duniya. Ranar Litinin zan miƙe in karanta shi."

"Ko da za a kore ki?"

"Ko da za a kore ni."

"Ko da ni za ki tozarta?"

"Ba tozarta ka nake so ba, Baba. Sito ne. Buhuna ne a ciki. Can kuwa mutane ne ke kwana. Ka fasa katangar da kanka kafin Litinin, ka ga in ba a yi ta sa maka albarka har jikoki ba."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba.

"Sito."

"Na'am?"

"Kin ce sito ne." Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya zura takalmansa. "Kin auna katangar daga waje. Kin taɓa shigowa kin auna daga ciki?"

"Sau biyu na zo, aka ce ka tafi da makulli."

"Ni na ce a faɗa miki haka. Taso."

Ta bi shi. Suka ratsa cikin siton, tsakanin buhunan dawa da masara, har wata 'yar ƙofar langa-langa a can ƙurya. Ya buɗe kwaɗon. Suka fito wani siririn lungu da ciyawa ta cinye.

A hannun dama ga katangar, doguwa, ta dutse da siminti. A hannun hagu ga bayan wani ɗaki na bulo, da taga mai shuɗin fenti a rufe.

Ta san tagar. Ɗakin mahaifiyarta ne, Na'inna.

"Ke ce mai ilimin," in ji shi. "Dubi ƙasa. In an fasa katangar, ina ruwan zai bi?"

"Ta filin sito, ya faɗa kogi."

"Haka kika zata daga waje. Duba da kyau."

Ta duba. Wata biyar tana koyon karanta ƙasa, idonta ya riga ya saba. Filin siton tudu ne, marmara ce a ƙarƙashinsa. Gangarar ba can ta nufa ba. Daga gindin katangar ta sulalo, ta ratsa lungun, ta shige kai tsaye ƙarƙashin ɗakin Inna.

Ta tsuguna ta taɓa bangon. Gindinsa ya yi baƙi, ya yi gishiri-gishiri har tsawon kamu biyu.

Tun tana yarinya Inna ke ɗora akwatunanta a kan bulo. Tun tana yarinya tabarmar ɗakin nan ke yin sanyi da damina. Ba ta taɓa tambayar dalili ba.

"Baba..."

"Ba ni na toshe kwarin ba, Raliya. Yayana ne. Mahaifinki."

"A'a."

"Lokacin kina Bangi wurin kakarki. Shekarun farin nan, shekara uku kwarin bai ga ɗigon ruwa ba. Kowa cewa yake ruwa ya yi ƙaura, ba zai dawo ba. Gida ya yi mana kaɗan. Ya sa aka cike kwarin da jar ƙasa, ya gina wa uwarki ɗaki biyu. Kin dawo kin tarar da sabon gini, kika yi ta tsalle."

Ta tuna. Har warin sabon fentin ta tuna.

"Da ruwa ya dawo fa?"

"Da ya dawo, hanyarsa ya nema. Ya shiga ɗakin nan har gado. Lokacin Yaya yana kwance, ciwon da bai tashi ba. Ya kama hannuna ya ce, 'Maigandi, kada ka bari ruwa ya fitar da Na'inna daga ɗakinta.' Kwana tara ya ƙara a duniya." Ya shafa katangar. "Na gina wannan, na ce ta sito ce. In za a zaga, a zage ni. Shi yana kabari."

"Inna ta sani?"

"Ta san ruwa ya daina shiga. Ba ta san inda ya koma ba. Ni ma da farko ban sani ba. Shekarar farko ya tsaya a tsakar gidajen Gangare, na ce ai ba komai. Ta biyu ya shiga ɗakuna." Muryarsa ta dushe. "Kina tsammani ban je jana'izar mijin Hajjo ba? Ni na ɗauki gaban makara. Ban iya haɗa ido da kowa ba."

"Kuma ka bar katangar."

"Amana ce."

"Amanar mutum ɗaya a kan gida sittin da uku?"

"Mutum ɗayan ubanki ne!"

Tantabaru suka tashi daga kan rufin siton. Shi kansa sai ya waiga tagar, ya rage murya.

"Kin ce na sa ki aiki don ki rufe ido. Wallahi ba haka ba ne. Na ce yarinyar nan ta karanta ilimin ƙasa, in aka tura ta za ta nemo wa ruwan wata hanya. Ta gabas, ta yamma, ko ta sama ce. Hanyar da ba ta bi ta kan uwarta ba, ba ta bi ta kan mutane ba. Shekara bakwai ba na barci in hadari ya haɗu. Ki nemo mini, 'yata."

Raliya ta rufe ido. Duk awon da ta yi yana cikin kanta, ba ta buƙatar buɗe littafi. Gabas dutse ne, ya fi nan tudu da tsayin mutum. Yamma masallaci ne da maƙabarta. Ta bi su da ƙafa, ta auna su sau uku-uku.

"Babu, Baba."

"Ki sake dubawa."

"Na duba tun ban san abin da nake dubawa ba. Hanya ɗaya ce. Ita ce wannan da muke tsaye a kai."

Ya zauna a kan wani dutse kamar an zare masa laka.

"To shi ke nan. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki sa hannu a takardar Jinaidu. Ni zan saya wa Hajjo fili a tudu."

"Sauran sittin da biyun fa?"



Iska mai ɗan sanyi ta taso daga gabas, ta kaɗa ciyawar lungun. Su biyun suka ɗaga kai a tare. Gefen sama ya fara yin baƙi.

Raliya ta share fuskarta da bakin mayafi. Ta ciro biro daga jaka, ta ɗora takardar kabon a kan gwiwarta, ta buɗe shafi na huɗu.

"Me kike yi?"

"Gyara. Na rubuta ba daidai ba."

"Raliya."

"Na ɗora maka laifin da ba naka kaɗai ba, ka yafe mini. Injiniya ya ce in na ambaci katangarka kwamiti zai rufe rahoton, don za a ce an taɓa babban mutum. To ba katangarka zan fara ambata ba." Ta ci gaba da rubutu. "Gidanmu zan fara ambata. Da sunan mahaifina. In na miƙe na ce a fara da namu, ina so in ga wanda zai ce son kai ne ya sa."

"Ki tona asirin mamaci?"

"In sauke masa kaya, Baba. Duk wanda ruwan nan ya ci, kana ganin ba a tambayarsa?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Kai kuma ina so ka zauna a kujerarka ranar, ka ce ka yarda. In ka yi tari, mutum huɗu za su yi."

"Uwar taki fa? Ɗakin da mijinta ya gina mata? Inda ya cika?"

"Ni zan faɗa mata."

"Yaushe?"

"Yau. Kafin ruwan nan ya sauko, sai an rushe ɗakin nan, Baba. Ko ta yafe mini, ko kada ta..."

Ƙarar sakata ta katse ta.

Shuɗiyar tagar ta buɗe a hankali.

Na'inna na tsaye a ciki, da hijabin salla a jikinta, hannunta ɗaya riƙe da ƙarfen tagar. Ba ta kalli Maigandi ba. 'Yarta take kallo.

"Auta," in ji ta. "Wane ɗaki kika ce a rushe?"